Word, LibreOffice ko Google Docs: wanne zai duba maka rubutun Hausa a Legas?

A shagunan buga takardu na Agege da Obalende da Idi-Araba, kwamfuta ɗaya ce ke yin komai. Da safe yarjejeniyar haya da Turanci, da rana katin ɗaurin aure da Hausa, da yamma rahoton taron 'yan albasa na Mile 12 wanda rabinsa Hausa ne rabinsa Turanci, ga sunayen Yarbawa birjik a tsakani. Abu biyu mai shago yake so daga manhajar rubutunsa: ta ja masa layi a ƙarƙashin kalmar da ya kuskure, ta kuma nuna masa ma'anar kalma ba sai ya tashi neman ƙamus ba. Ayyuka biyu ne daban, kuma shawarata ita ce a raba musu hanya: duba rubutu ya zauna cikin manhaja, ƙamus kuwa ya zauna a gefenta.

Mai duba rubutu ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci. Jerin kalmomi ne a hannunsa. Kalmar da ya gani a jerin ta wuce, wadda bai gani ba ya ja mata jan layi, sannan ya lalubo masu kama da ita ya ce ko wannan kake nufi. Saboda haka tambayar da ta fi kowace nauyi wajen zaɓe ita ce: wa ke riƙe da jerin, kuma kana iya gyara shi?

Kafin a kai ga manhaja akwai wani tarnaƙi. Shekaru da yawa ana buga Hausa da samfurin haruffa na musamman irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun lokacin da kwamfuta ba ta san ƙugiya ba, kuma sun yi wa Hausa aiki babba. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wata alama: a allo ka ga ƙasa, amma abin da ke ajiye a fayil }asa ne; ka ga ɗaya, a ciki ]aya ne; ka ga ɓata, a ciki ~ata. Akwai kuma tsarin da ɗalibai suka saba da shi na ara q da x da v, inda ƙasa ke zama qasa, ɗaki ya zama xaki. Babu mai duba rubutun da zai yi maka aiki a kan irin wannan fayil, domin shi abin da ke ciki yake karantawa. Dole a koma haruffan gaskiya na Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya: ɓ, ɗ, ƙ da manyansu. Windows na da allon madannai na Hausa, akwai manhajar allon madannai ta kyauta mai suna Keyman, kuma a Word da LibreOffice in ka buga 0199 ka danna Alt da X za ka ga ƙ ta fito, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ. Tsofaffin fayiloli ana juya su da umarnin nemo-ka-musanya, sai dai a yi hattara da masu q da x da v: in akwai Turanci a takardar, Victoria Island ma sai ta tashi da ƙugiya.

Mu fara da Word, tunda shi ne a kusan kowace kwamfuta. Ƙarfinsa a Turanci ba a magana, kuma kwastoma fayil ɗin Word yake kawowa, shi kuma yake so a mayar masa. Abin da yawancin shaguna ba su yi ba shi ne sauya harshen dubawa daga Turancin Amurka zuwa na Ingila, wanda shi ne makarantu da ofisoshin Nijeriya ke bi. Aikin minti ɗaya ne, amma yana rage jan layin banza sosai.

Ga Hausa hanya biyu ce. Microsoft ta fitar da ƙunshin duba rubutun Hausa ga wasu fitowar Office, kuma ana ganin ko naka na da shi a sashen harshe da ke cikin Options. In ya sauka, kana yi wa sakin layin Hausa alama cewa Hausa ne, na Turanci kuma Turanci, kowanne a duba shi da jerinsa. Wannan shi ne tsari mafi tsafta ga takarda mai harshe biyu. Aibinsa shi ne babban jerin a rufe yake. Ba ka buɗe shi ka ga me ke ciki, sai dai ka ƙara naka a gefe. Kuma Office ɗin da ake loda wa mutane a kasuwa sau da yawa ba mai lasisi ba ne, ko kuwa tsoho ne, sai saukar da ƙunshin ya zama rigima. A tuna kuma cewa Microsoft ta daina kula da Office 2016 da 2019 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025.

In ka ce wa Word rubutun Hausa ne alhali ƙunshin bai sauka ba, jan layi zai ɓace gaba ɗaya. Wasu sai su yi murna, su ɗauka rubutu ya yi daidai. Bai duba komai ba ne kawai.

Hanya ta biyu ita ce ƙamusun kai, wato fayil ɗin CUSTOM.DIC ko wani da ka ƙirƙira. Fayil ne na rubutu zalla, kalma ɗaya a kowane layi, kuma duk lokacin da ka danna dama a kan kalma ka ce a ƙara ta, can take shiga. Kana barin takardar a matsayin Turanci, jerin Hausarka kuma ya hau kai. Yana aiki, kuma a nan ne sunaye irin su Ikorodu da Oshodi da Oluwaseun da Ɗanlami suka fi dacewa su zauna. Amma ta wuri biyu yake yoyo. Na farko, duk kuskuren da ya yi kama da kalmar Turanci zai wuce: kana son buga "sun" yatsa ya zame ka buga "sum", Word ya ce lafiya lau. Na biyu ya fi girma, kuma daga ginin Hausa kanta yake fitowa.

Ɗauki kalmar gida. Akwai gidan, gidana, gidanka, gidanki, gidansa, gidanta, gidanmu, gidanku, gidansu. Goma ke nan har da ita kanta. Jam'inta gidaje ma goma. Kalma ɗaya ta ci layi 20 a ƙamusun kai na Word, domin shi bai san cewa gidansa ɗan gida ne ba. Kowace sura baƙuwa ce a wurinsa. Je ka aikatau: saya, sayi, saye, sayo, sayar, sayu, sayarwa. Mai shagon da ke ƙara kalma ɗaya-ɗaya da hannu zai shekara yana yi, jan layi bai ƙare ba. Kuma garin gaggawa wata rana zai ƙara kuskure, daga ranar kuskuren ya zama doka a kwamfutarsa.

A nan LibreOffice ya sha gaban Word. Manhaja ce ta kyauta da ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, fayil ɗin saukar da ita bai kai rabin gigabayit ba, ana iya ɗaukarsa a filash a loda wa kwamfuta goma, kuma ba ta neman data bayan haka. Injin da ke duba mata rubutu Hunspell ne, wanda László Németh ya rubuta domin harshen Hungari, harshen da ɗafe-ɗafensa suka fi na Hausa yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa aka gina shi da fayil biyu: ɗaya mai ƙarewa da .dic na tushen kalmomi, ɗaya mai ƙarewa da .aff na dokokin ɗafi. A na biyun za ka rubuta sau ɗaya cewa duk sunan da ke ɗauke da alamar A yana karɓar -n, -na, -nka, -nsa har zuwa -nsu, mai alamar B kuma yana karɓar -r, -ta, -rka, -rsa. A na farkon sai ka rubuta gida/A, mota/B, ka wuce. Layi ɗaya ya yi aikin layi goma. Jam'i ne kawai ba ya bin doka ɗaya, domin babu ƙa'idar da za ta fitar da motoci daga mota, ta fitar da birane daga birni, ta kuma fitar da littattafai daga littafi. Waɗannan sai an jera su da hannu, kowanne da alamarsa.

Fayil ɗin .aff na da wasu dabaru kamar don Hausa aka yi su. Da umarnin MAP kana gaya masa k da ƙ 'yan uwa ne, haka d da ɗ, da b da ɓ, sai in an buga "dauka" ya fara kawo ɗauka kafin ya kawo wani abu daban. Da REP kana koya masa cewa mai buga "zamu" yana nufin za mu, mai buga "bazai" yana nufin ba zai. Sai batun alhamza, wanda ke wahalar da kowa. Manhajojin rubutu suna lanƙwasa alamar da kansu, kuma a farkon kalma sukan ɗauka zance za ka buɗe, sai su juya ta baya. Sakamakon haka 'ya'ya na iya fitowa da alamu iri biyu a kalma ɗaya, mai duba rubutu kuma ya tsinka ta gida biyu, ya ga "ya" da "ya". A Hunspell ana shaida masa cewa alhamza harafi ce cikin kalma, ana kuma sa shi ya ɗauki miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya a matsayin abu ɗaya. A Word mafita mafi sauƙi ita ce kashe lanƙwasawar gaba ɗaya a sashen AutoCorrect. Ga masu yi wa 'yan Nijar aiki, kuma suna da yawa a Legas, a tuna su ƴ suke rubutawa inda Nijeriya ke rubuta 'y, don haka sai jerin ya karɓi duka biyun ko a yi jeri biyu.

Kada a yi wa LibreOffice ado fiye da kima. Hausa tana cikin jerin harsunan da yake ganewa, amma ba ya zuwa da ƙamusun duba ta a ciki. Sai ka samo wanda masu sa-kai suka haɗa, ko ka gina naka, a naɗe shi a fayil ɗin .oxt a loda. Wannan aikin mai ɗan sanin kwamfuta ne. Yaron shago mai kai zai iya, ko wani daga Computer Village na Ikeja. Sannan fayil ɗin Word mai tebura da akwatunan rubutu da yawa yakan ɗan goce in an buɗe shi a LibreOffice, kuma kwastoman da ya kawo takardar neman aiki a tsare ba zai saurari bayani ba in ya ga layi ya sauka. Amfanin da ke rufe wannan shi ne jerin naka ne har abada: fayilolin nan biyu suna aiki a Firefox, kuma InDesign, manhajar tsara littattafai, ma na karɓar ƙamusun Hunspell, abin da zai yi wa mai kai littafi maɗaba'un Shomolu amfani.

Daga ina kalmomin za su fito? Kada ka kwashe shafukan intanet ka zuba, domin rubutun Hausa da yawa a can babu ƙugiya, kuma raba kalma yadda aka ga dama ake yi. Tattara fayilolin da wani masanin ƙa'idar rubutu ya riga ya tace, a fitar da kalmominsu a jera bisa yawan fitowa, a zauna da malamin Hausa ya bi na sama-sama ɗaya bayan ɗaya. 'Yan dubban kalmomi masu tsafta sun fi tarin da ba a tace ba. A nan kuma za a yanke hukuncin karin harshe. Hausawan Legas daga ko'ina suke: Basakkwace zai kawo "shina" da "gidanai", wani ya kawo "hwari", haifaffen Agege ya kawo tasa. Ra'ayina babban jeri ya tsaya kan Daidaitacciyar Hausa, karin harshe ya samu nasa ƙaramin jerin da ake kunnawa in ana buga waƙa ko hira, a kashe shi in takardar hukuma ce.

Google Docs ba sai an daɗe a kansa ba. Yana da kyau ga aikin haɗin gwiwa, misali sakataren ƙungiya a Alaba Rago da ma'aji a Apapa suna gyara takarda ɗaya. Turancinsa ƙwarai ne, yana da ƙamusun Turanci da ke buɗewa a gefe, kuma ko wuta ta ɗauke aikinka na nan. Amma ƙamusun kansa kalma ɗaya-ɗaya ake shigar masa, babu dokar ɗafi, ƙarfinsa ya dogara da data, kuma takardar tana zaune ne a rumbun Google. Mai buga yarjejeniyar fili da takardun rantsuwa na mutane ya kamata ya yi tunani a kan wannan. A waya kuwa, ko Docs ne ko WPS Office, yawancin gyaran allon madannai ne ke yi. Sanya Hausa a Gboard, allon madannai na Google, ya fi sauya manhaja amfani.

Yanzu ga abin da babu ɗayansu da zai yi maka. Buga wannan jimlar a kowace manhaja kake gwadawa: "Baƙi sun ɗauki 'ya'yansu, za su koma ƙasarsu." Mai kyau ba zai ja layi ko ɗaya ba. Sai ka lalata ta: "Baki sun dauki yayansu, zasu koma kasarsu." Kuskure biyar ne. Mai duba rubutu mafi ƙwarewa zai kama "dauki" da "zasu", wataƙila da "kasarsu". "Baki" zai wuce, domin baki kalma ce. "Yayansu" zai wuce, domin kowa na da yaya. Haka kafa da ƙafa, kara da ƙara, fada da faɗa, daki da ɗaki. Rashin ƙugiya a Hausa sau da yawa wata halastacciyar kalma yake haifarwa, kuma katin da ya ce za a yi walima a faɗar Sarkin Hausawa zai fito babu jan layi ko ɗaya.

Raba kalma ma haka. Ana iya sa gyaran kai-tsaye ya mayar da "zasu" za su, "yace" ya ce, "harda" har da, babu asara. Amma kada a sa shi ya taɓa "tace" ko "nace" ko "dashi", domin ana tace koko, ana nace wa magana, ana dashen albasa. "Akan" daidai ne a "akan yi ruwa a Yuni", kuskure ne a "akan tebur". Ita kuwa "shine" tana da wata matsalar: a Hausa shi ne ake nufi, amma kalmar Turanci ce cikakkiya, don haka in ka saka ta a jerin gyaran Turanci za ka ɓata wa wani wasiƙarsa. Word da LibreOffice duk suna ajiye jerin gyaran kai-tsaye harshe-harshe, wanda shi ne wani dalilin da ya sa yi wa sakin layi alamar harshensa ya fi barin komai a Turanci. Mai duba rubutu kamar maigadin ƙofa ne da aka ba jerin sunaye: wanda sunansa ke takarda zai shiga, ko da ba shi aka gayyata ba. Karatun ƙarshe na mutum ne.

Ƙamus kuwa, na ce a bar shi a gefe, ga dalili. Abin da Word ke buɗewa da Shift da F7, LibreOffice kuma da Ctrl da F7, jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya ne, kuma na Turanci ne ke da ƙarfi. Maɓallin fassara na Word yana jin Hausa tun da Microsoft ta ƙara ta a 2023, Google kuwa tun 2013, amma fassarar inji ba ƙamus ba ce. Ba za ta gaya maka jinsin kalma ba, ko jam'inta, ko cewa tana da ma'ana huɗu. Ɗaya za ta zaɓa ta miƙo maka da ƙwarin gwiwa. Ƙamusun Bargery na 1934 yana intanet ana bincika shi, kuma a zurfi har yau da wuya a kamo shi, musamman a karin harshe da tsofaffin kalmomi. Sai dai ya girmi ƙa'idojin da aka daidaita daga baya a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, don haka a nemi ma'ana a wurinsa, kada a kwafi rubutu. Wajen rubutu, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 shi ne ya kamata ya zauna a kan tebur, tunda Hausa yake fassarawa da Hausa. Mai aiki tsakanin harsuna biyu ya haɗa da na Paul Newman na 2007.

In ana son ma'ana ta fito a allo ba tare da data ba, GoldenDict ne ya fi dacewa. Manhaja ce ta kyauta da ke zaune a gefe: ka zaɓi kalma a Word ko LibreOffice ko ma a PDF, ka riƙe Ctrl ka danna C sau biyu, ƙaramar taga ta buɗe da ma'ana. Yana karanta ƙamusoshi da yawa a lokaci ɗaya, kuma kana iya haɗa masa naka jerin, misali kalmomin shari'a ko na asibiti da yadda shagonku ya saba fassara su, domin kada yau a rubuta wani abu gobe wani. Sauya manhajar rubutu ba ya shafarsa. Raunin irin wannan bincike shi ne ɗafi: ka zaɓi "gidajensu" ƙamus ya ce bai san ta ba, domin gida kawai ya sani. GoldenDict na iya amfani da fayilolin Hunspell ya mayar da kalma tushenta, don haka wahalar da aka sha wajen gina .aff tana biya sau biyu. Matashin da ke Yaba yana rubuta manhajarsa ma wannan hanyar ce ta fi masa: ya ɗora Hunspell maimakon ƙirƙiro sabon inji, ƙarfinsa ya tafi kan jerin kalmomi. Ma'anonin ƙamusun da aka buga kuwa suna da masu su, sai da izini ake zuba su a manhaja.

Mai shagon da yawancin aikinsa Turanci ne, Hausa jefi-jefi, ya zauna a Word: ya koma Turancin Ingila, ya nemi ƙunshin Hausa in nasa na karɓa, ya tara sunayen mutane da unguwanni a ƙamusun kai. Marubuci, ko makarantar Islamiyya mai buga darussa, ko mai fassara da ke yini cikin Hausa, LibreOffice da Hunspell ne nasa, ya fitar da aikin a PDF in zai kai maɗaba'a. Babu abin da ya hana a ajiye duka biyun a kwamfuta ɗaya, kuma shagon da ke da ciniki ta ɓangarorin biyu haka ya kamata ya yi.

Ƙamusun kai na Word yana zaune a babban fayil mai suna UProof, cikin AppData, ƙarƙashin Microsoft. Mai gyaran kwamfuta in zai goge Windows, hotuna da takardu yake tambaya, ba ya tambayar wannan. A kwafe shi a filash tare da .dic da .aff kafin a miƙa masa injin.